FASHIN BAƘI: Babur a Gwandu da Kalgo, tsakanin neman abinci da dokar hana hawa

Ranar 21 ga Yuli, 2022, bayan taron Majalisar Tsaro ta Ƙasa a Abuja, Ministan Shari'a na wancan lokaci, Abubakar Malami, ya shaida wa manema labarai cewa Gwamnatin Tarayya na duba yiwuwar hana hawa babur a duk faɗin Najeriya, tare da dakatar da haƙar ma'adinai, domin toshe wa 'yan bindiga hanyoyin zirga-zirga da na samun kuɗi. Shawarar ba ta zama doka ba, amma ba ta mutu ba. Duk lokacin da aka kai wani mummunan hari a Arewa maso Yamma, sai ta sake tasowa a bakin jami'ai.

Kimanin makonni bakwai kafin wannan sanarwa, a ranar 29 ga Mayu, jama'a sun yi wa Kunle Adeyanju tarba ta girmamawa a Legas, bayan ya taso daga Landan a kan babur, ya ci fiye da kilomita 12,000, domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan inna. A cikin shekara guda, ƙasa guda ta ɗauki babur abin alfahari, ta kuma ɗauke shi makamin da ya kamata a ƙwace.

Akwai kuma fuska ta uku da ba a cika saka ta cikin muhawarar ba, wato ta mutanen da ba su da wani abin hawa sai shi. Gwandu da Kalgo, ƙananan hukumomi biyu da ke kusa da Birnin Kebbi, mahaifar shi Malamin, misali ne da ya isa a fahimci wannan fuska. A can babur na yin aikin hanyar da hukuma ba ta gina ba, don haka duk wata doka da ta taɓa shi tana taɓa gona da kasuwa da asibiti a lokaci guda.

Yawon kasada a kan babur: daga ina ya fito?

A Turai da Amurka akwai wani nau'in yawon buɗe ido da ake yi a kan babur, inda mutum ke barin kwalta da gangan ya bi turbar daji, ya hau duwatsu, ya ratsa rairayi da ƙoramu. Kamfanoni na ƙera babura na musamman don wannan harka: dogaye, masu babban tanki, da shokazoba mai jure gargada, da tayoyi masu manyan haƙora.

Harkar ta yi tashe ne ta dalilin ƙasashen da ke maƙwabtaka da mu. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Bafaranshe Thierry Sabine ya ƙirƙiro, ya fara ne a ranar 26 ga Disamba, 1978, kuma zagayen farko ya bi ta Agadas da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Cyril Neveu ne ya lashe shi a kan Yamaha XT500. A 1980 kamfanin BMW ya fito da samfurin R80 G/S, wanda ake ɗauka a matsayin kakan manyan baburan ratsa daji na yau, shi kuwa Yamaha ya laƙaba wa nasa sunan Tenere, hamadar da ke arewa maso gabashin Nijar.

Rashin tsaro ne ya kori tseren daga Afirka. An soke na 2008 bayan kisan wasu Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya. A 2009 aka mayar da shi Kudancin Amurka, tun daga 2020 kuma a Saudiyya ake yin sa, duk da cewa sunan Dakar bai sauya ba.

Har yanzu ɗaiɗaikun matafiya na ratsa nahiyar. A ƙarshen 2023 wata 'yar ƙasar Holan, Noraly Schoenmaker, wadda aka fi sani da Itchy Boots a YouTube, ta ratsa Najeriya a kan babur, ta kuma ɗauki bidiyon wasu 'yan sandan sa-kai biyu suna neman kuɗi a hannunta a Jihar Oyo. Bidiyon ya karaɗe intanet, rundunar 'yan sandan jihar ta kore su daga aiki. Abin da ya same ta sau ɗaya duniya ta gani shi ne abin da masu babur a karkarar Najeriya suka daɗe suna kokawa a kai, ba tare da kyamara ba.

Me ya sa ƙasar Gwandu da Kalgo ta fi dacewa da babur?

Amsar tana cikin yanayin ƙasar. Garin Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, yana zaune ne tsakanin tuddai. Masana ilimin duwatsu ma sun ari sunan garin suka sa wa wani shimfiɗaɗɗen rukunin duwatsu da ya mamaye yammacin yankin Sakkwato da Kebbi, wanda alamarsa ita ce tuddai masu shafaffen kai da marmara ta rufe samansu. Tsakanin tudun nan akwai jigawa mai rairayi da kwazazzabai da ruwan sama ke haƙawa kowace damina. Mai zuwa ƙauyukan da ke kewayen Dalijan, Kambaza, Malisa ko Maruda, da zarar ya sauka daga babbar hanya, irin wannan ƙasa zai taka.

Kalgo kuwa tana kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Jega, kuma daga nan ne hanyar Bunza da Kamba ke rabuwa. A nan mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, wadda aka kafa a 2013, haka ma babbar cibiyar lafiya ta jiha da ake kawo marasa lafiya daga nesa. Amma bayan kwaltar akwai fadama, inda ake noman shinkafa damina da rani. Fadama na da albarka ga manomi, ga mota kuwa tarko ce: daga watan Yuni zuwa Satumba laka na riƙe taya, ruwa na cinye kwalbati, wani lokaci ya raba ƙauye da kasuwarsa na tsawon makonni. Ambaliyar 2020, wadda ta shafe gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, ta kuma yanke hanyoyi da gadoji, ta nuna iyakar abin.

A irin wannan wuri mota na buƙatar hanya mai faɗi da ƙasa mai tauri. Babur kuwa turbar da ƙafa ta fitar ta ishe shi. Da shi ake kai buhun taki da injin ban ruwa gona, da shi ake fito da shinkafa da albasa bakin titi, da shi malamin firamare ke isa makarantar da aka tura shi, da shi ma'aikatan rigakafi ke ɗaukar akwatin sanyi zuwa rugage. Idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, sau da yawa babur ne ke fitar da mace zuwa inda za a sami mota. Abin da baƙo ke kashe dukiya ya zo ya ɗanɗana da sunan kasada, shi ne hanyar zuwa aiki ta ɗan kabu-kabu, kamar yadda ake kiran ɗan acaɓa a wannan yanki.

Wane irin babur ake hawa, kuma don me?

Babur ɗin da ya mamaye karkarar Kebbi ƙarami ne, mai inji cc 100 zuwa 150: Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, da TVS, da Honda, da samfuran Chana irin su Jincheng da Haojue. In aka ajiye shi kusa da BMW R1250 GS Adventure, wanda masu yawon kasada ke ji da shi, bambancin a fili yake. Na BMW yana da inji cc 1,254, da tankin lita 30, da nauyin kilo 268. Boxer bai kai rabin wannan nauyi ba.

A fadama, rashin nauyin nan shi ne ƙarfinsa. In ya kafe a laka, mutum biyu na iya ciccibo shi. In aka iso gulbi, ana ɗora shi a kwalekwale. In ya faɗi a rairayi, mai shi na tayar da shi shi kaɗai. Injinsa ba shi da sarƙaƙiya, iska ce ke sanyaya shi, kuma duk wani bakanike na bakin kasuwa ya san cikinsa. Fulogi, sarƙa, tiyub da takalmin birki ana samun su a kowace kasuwar mako. Babban babur mai kwamfuta a jikinsa, in ya lalace a Zuguru ko Diggi, sai an nemi motar da za ta ɗauke shi zuwa birni, a kuma jira kayan gyara daga waje.

Sai dai juriyar tasa ta sa ana ɗora masa abin da ba a ƙera shi dominsa ba. Babur da aka yi wa kujerar mutum biyu yana ɗaukar uku ko huɗu, ko buhuna biyu da mai su a sama. Lodi mai yawa na tsawaita nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da babur, yana sauƙaƙa tayar gaba har ta rasa riƙon ƙasa, yana kuma cinye taya kafin lokacinta. Haɗurra da dama da ake jingina wa rashin sa'a suna da asali a nan.

Wa ke da babur ɗin, kuma me ya sauya tun 2023?

Ba kowane ɗan kabu-kabu ne mai babur ɗin da yake hawa ba. Hanyoyin mallaka uku ne suka fi yawa. Akwai wanda ya saya da kuɗin amfanin gona. Akwai wanda wani mai hali ya saya masa, yana kawo balas kullum, ko kuma yana biya sannu a hankali har babur ya zama nasa, a kan farashin da ya ɗara na kasuwa. Akwai kuma wanda ya samu a rabon 'yan siyasa, domin babur na cikin kayan da aka fi rabawa da sunan tallafa wa matasa, musamman idan zaɓe ya ƙarato. Wannan na nufin 'yan siyasar da ke raba babura a filin taro su ne kuma ke zama a ɗakin taro su tattauna hana hawansu.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan sana'a a 2023. Na farko, janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, ta haura 1,000 a watan Oktoban 2024. A ƙauyen da ba gidan mai, inda ɗan bumburutu ke sayarwa a kwalba, farashin ya fi haka. Na biyu, sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na shekarar, wanda ya kai dala daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Da yake babur da kayan gyaransa daga waje ake shigo da su, ko a haɗa su a nan da sassan waje, sabon babur ya haura naira miliyan ɗaya, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne.

Mai biyan balas ba ya iya rage abin da zai kai wa maigidansa, ba ya kuma iya ninka kuɗin fasinja yadda ya so, domin fasinjan manomi ne irinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya ƙara lodi, ya ƙara gudu, ya jinkirta sayen sabuwar taya. Tsadar mai ta kan biya da haɗari ta wannan hanya.

Yaya babur ya shiga batun tsaro?

Damuwar jami'an tsaro tana da tushe. Siffofin da suka sa babur ya dace da manomi su ne suka sa ya dace da ɗan bindiga: yana bin inda motar soja ba ta bi, yana ɗaukar mutum biyu ko uku da makamansu, yana ɓuya a ƙarƙashin itace, man da yake sha kaɗan ne. Maharan da suka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri ranar 17 ga Yuni, 2021, a kan babura suka zo. An sha ba da rahoton masu garkuwa da mutane na neman sababbin babura a cikin kuɗin fansa. A wasu sassan Arewa maso Yamma har akwai samfurin da jama'a ke yi wa laƙabi da "Boko Haram" saboda yadda 'yan bindiga ke son sa.

A Kebbi wutar ta fi ƙamari a kudu, a yankin Danko-Wasagu da Sakaba da ke iyaka da Zamfara da Neja. Daga baya wata ta kunno ta arewa. A Nuwambar 2024 Hedikwatar Tsaro ta tabbatar da ɓullar ƙungiyar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, a cikin watan kuma aka kai hari garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie, aka kashe aƙalla mutum 15. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyar a matsayin ta ta'addanci.

Gwandu da Kalgo suna tsakiyar jihar, ba su ne cibiyar wannan rikici ba. Amma dokar da aka yi wa jiha baki ɗaya, balle ta ƙasa, ba ta bambanta dajin da 'yan bindiga suka yi sansani da fadamar da ake shuka shinkafa. Hausawa na cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari. Tambayar da ke gaban masu mulki ita ce ko za a zubar da garin ne gaba ɗaya, ko za a tsince waken.

An taɓa hana babur. Me ya biyo baya?

An gwada a wurare da yawa. Borno ta hana babur a Maiduguri a Yulin 2011. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. A Mayun 2019 Rundunar Sojan Ƙasa ta sanar da hana hawa babur a dazuzzuka da lungunan jihohi bakwai: Kano, Katsina, Zamfara, Sakkwato, Kaduna, Neja da Kebbi. A Satumbar 2021 Zamfara da maƙwabtanta suka ɗauki matakai masu tsauri, ciki har da taƙaita zirga-zirgar babura, hana sayar da fetur a jarka, rufe kasuwannin dabbobi da katse layukan waya. A ƙetaren iyaka, Nijar ta hana babur a jihar Diffa tun 2015, ta kuma yi haka a Tilaberi daga Janairun 2020.

Darasi na farko shi ne birni da ƙauye ba ɗaya ba ne. A Kano, A Daidaita Sahu ya maye gurbin acaɓa, domin akwai kwalta da zai bi. A fadamar Kalgo ko tuddan Gwandu babu abin da zai maye gurbin babur sai jaki da amalanke da ƙafa.

Darasi na biyu shi ne wanda ke bin doka ne ke jin zafinta. Ɗan bindigar da ya fito da bindiga a kafaɗa ba takardar gargaɗi ce za ta sauke shi daga babur ba, kuma ba ya bi ta shingen bincike. Wanda ke bi ta shingen shi ne manomi da malamin makaranta. Hare-hare sun ci gaba a Arewa maso Yamma bayan sanarwar 2019, sun kuma ci gaba bayan matakan 2021. A Diffa, ƙungiyar International Crisis Group ta yi nuni a 2017 cewa matakan dokar ta-ɓaci, ciki har da hana babur da taƙaita cinikin kifi da tattasai, sun durƙusar da tattalin arzikin yankin. Matashin da aka raba da sana'arsa ya fi sauƙin ruɗuwa ga duk wanda ya zo masa da kuɗi.

Darasi na uku ya shafi doka. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi saboda tsaro, amma ta hanyar dokar da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Hanin da ya tsaya a sanarwar manema labarai, ba iyakar wuri, ba ranar ƙarewa, ba bayanin wanda aka keɓe, yana barin hukunci a hannun jami'in da ke tsaye a kan hanya. A nan cin hanci ke samun ƙofa.

Hular kwano: haɗarin da ba a yi masa taron gaggawa

Akwai wata barazana da ke tattare da babur wadda ba ta jan hankalin majalisun tsaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce ke da mafi munin adadi idan aka kwatanta da yawan jama'a. Binciken da hukumar ta daɗe tana dogara da shi ya nuna cewa hular kwano mai inganci na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, na raunin kai kuma da kusan kashi 69.

Mai yawon kasada ba ya tayar da babur sai da cikakkiyar shiga: hular kwano mai rufe haɓa, riga mai kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya, safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Ɗan kabu-kabu da ke bin hanya mai irin wannan haɗari kullum yana fita ne da silifa da hular zanna ko rawani. Fasinjarsa kan zauna a karkace, gefen zane ko hijabi na lilo kusa da tayar baya, ƙafarta kusa da salansa mai zafi.

Dokar na nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Abin da aka fi tunawa da shi a wancan lokaci shi ne rahotannin 'yan acaɓa da suka riƙa kifa ƙoƙo ko tukunya a ka don kauce wa kamu. An yi dariya, aka bar maganar. Dalilan ƙin hular kuwa ba su gushe ba: zafin bazara da kan haura digiri 40 a Kebbi, tsada, ƙyamar sa hular da wani ya cire, da camfe-camfen da aka yaɗa a kanta. Wasu jami'an tsaro ma na kallon hular da ta rufe fuska da zargi.

Duk da haka, ba abu ne da ya gagara ba. A Kigali, babban birnin Ruwanda, mai babur ɗin haya na ɗauke da hula biyu, tasa da ta fasinja, yana kuma sanye da riga mai lamba. Akwai huluna marasa nauyi masu kafofin iska da aka ƙera don ƙasashe masu zafi, waɗanda suka cika ma'aunin inganci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ko kafin a kai ga nan, takalmi rufaffe maimakon silifa, tattare tufafi daga taya, gyara fitila da birki, da ɗaure igiyar hula a haɓa, abubuwa ne da ba su kai kuɗin jinyar karaya ɗaya ba.

Me za a iya yi maimakon hani na bai-ɗaya?

Abu na farko shi ne a san babur da mai shi. Babura da yawa a karkara na yawo ba lamba, ba takarda sai rasit ɗin dila. Yin rajista na hannun gwamnatin jiha. In aka sauƙaƙa kuɗinta, aka kai ta hedikwatar ƙaramar hukuma da kasuwannin mako, aka haɗa lambar inji da lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai saye tun daga shagon dila, to wanda ya sayi babura goma a rana ɗaya zai bar sawu. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, da masu unguwanni da dagatai na masarautar Gwandu, sun san 'ya'yansu, sun kuma san baƙo.

Na biyu, a bi sawun abin da babur ɗin ɗan bindiga ke rayuwa da shi: wa ke kai masa mai a daji, wa ke gyara masa, wa ke sayar masa. Waɗannan mutane ƙalilan ne, kuma kama su aikin bincike ne. Hana kowa sayen mai a jarka kuwa yana kashe injin ban ruwan manomin rani tare da babur ɗin ɓarawo.

Na uku, inda hani ya zama dole, ya kasance mai iyaka: a ambaci dajin, a ambaci sa'o'in, a sa ranar da za a sake dubawa, a keɓe ma'aikatan lafiya da masu ɗauke da majinyata, a kuma kai shi gaban Majalisar Dokokin Jiha.

Na huɗu shi ne hanya. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa ƙananan hukumomi ginawa da kula da hanyoyin cikin yankunansu. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura musu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Kebbi na kuma cikin jihohin da ke shirin RAAMP na gina hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Hanyar burji mai kwalbati da ke jure damina tana buɗe ƙauye ga motar asibiti da motar sintiri, tana kuma rage wa ɗan bindiga fifikon da babur ya ba shi a kan jami'an tsaro.

Ga matasan da ke bibiyar siyasar mazaɓun Aliero/Gwandu/Jega da Birnin Kebbi/Kalgo/Bunza, waɗannan tambayoyi ne da ake iya yi wa ɗan takara a bainar jama'a. Babura nawa ka raba, nawa ne a cikinsu ke da lamba, nawa aka haɗa da hular kwano? Kilomita nawa na hanyar karkara ke cikin kasafin bana, nawa aka kammala? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da kasafin kuɗin da jihohi ke wallafawa a intanet sun ba mai tambaya wurin farawa.

Yankin na da abin da zai jawo matafiya. Heinrich Barth ya sauka a Gwandu a 1853, a zamanin Sarki Halilu, a can ya sami kwafin Tarikh al-Sudan ya kwashi bayanai daga ciki. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana nan kusa. Tuddai da fadamu da gulabe irin waɗanda masu yawon babur ke nema duk akwai su. Amma baƙo ba zai zo inda ɗan gida ke tsoron fita ba, kamar yadda tafiyar tseren Dakar ta nuna. Ranar da ɗan kabu-kabun Kambaza zai kai mai naƙuda asibiti cikin dare, da lamba a babur ɗinsa da hula a kansa, ba tare da fargabar ɗan bindiga ko mai shinge ba, ranar ce za a iya fara maganar gayyato masu yawon buɗe ido.